Kafin a raba gado a Amurka, akwai bashin hukuma

Mawaƙin nan na Amurka, Prince, ya rasu a watan Afrilun 2016 a jihar Minnesota ba tare da ya bar wasiyya ba. Kotu ta tabbatar da 'yan'uwansa shida a matsayin magada, amma rabo ya gagara. Bankin Comerica, wanda aka ɗora wa kula da dukiyar, ya ƙiyasta ta a kan dala miliyan 82.3, ita kuwa hukumar tara haraji ta ƙasar, IRS, ta ce dukiyar ta kai dala miliyan 163.2. Sai a watan Janairun 2022 aka daidaita a kan dala miliyan 156.4. Kafin a kai nan, biyu daga cikin magadan su ma sun riga mu gidan gaskiya.

Wani zai ce wannan rigimar attajirai ce. Ta fuskar harajin gado kam haka ne, domin gwamnatin tarayya ba ta karɓarsa sai dukiya ta haura wani adadi mai yawa: dala miliyan 13.61 ga wanda ya rasu a 2024, dala miliyan 13.99 a 2025. Abin da ya ɗara haka ake yanka wa haraji, har zuwa kashi 40 cikin ɗari, kuma fom mai lamba 706 da ake cikewa dominsa wata tara ne wa'adinsa daga ranar rasuwa. Direban tasi a Bronx ko ma'aikaciyar jinya a Houston ba za su kusanci wannan adadi ba. Sai dai wasu jihohi, kamar New York da Maryland, suna da nasu harajin wanda ke farawa daga ƙasa da haka sosai.

Abin da ya shafi iyalan masu ƙaramin ƙarfi daban yake, kuma a kansa ya kamata 'yan'uwanmu mazauna can su buɗe ido. Mutuwa ba ta rufe lissafin mutum da IRS. Duk abin da mamaci ya samu daga 1 ga Janairu zuwa ranar da ya cika, sai an cike masa fom 1040 na ƙarshe, a miƙa zuwa 15 ga Afrilu na shekara mai zuwa. Matarsa na iya haɗa nata da nasa a wannan shekarar, kamar yadda suka saba. Sau da yawa ma rarar kuɗi ake dawo wa iyali, to rashin cikewa asara ce ga marayu.

Daga ranar rasuwa kuwa, doka na kallon dukiyar da aka bari a matsayin mai biyan haraji mai zaman kansa. Gidan da mamaci ya bari yana ci gaba da kawo kuɗin haya, hannun jarinsa na kawo riba, alhali mai su ba ya duniya, magada kuma ba su karɓa ba tukuna. Wasiyyi, ko wanda kotu ta naɗa, zai nema wa dukiyar lambar haraji tata ta kanta, ya buɗe mata asusun banki, ya daina amfani da lambar mamacin. Idan abin da ta samar a shekara ya kai dala 600, fom 1041 ya wajaba. Ga kuma inda ya fi shafarmu: in akwai ko da magaji ɗaya da ba ɗan ƙasa ba ne kuma ba mazaunin Amurka ba, misali mahaifiya a Zinder ko ɗa a Kumasi, fom ɗin ya zama tilas komai ƙanƙantar kuɗin. Kuma a ƙa'ida ana cire kashi 30 cikin ɗari daga irin wannan riba kafin a aika wa magajin da ke waje, ko da yake ainihin gadon ba ya cikin wannan yanka.

Haka dokar take ga asusun amana, wato dukiyar da mutum ya damƙa wa wani amintacce ya juya ta domin 'ya'yansa. Riƙe riba a cikin irin wannan asusu yana da tsada. A 2024, asusun amana ko dukiyar mamaci na shiga mataki mafi tsanani, kashi 37 cikin ɗari, da zarar ribar ta wuce dala 15,200, alhali mutum ɗaya sai ya haura dala dubu 600 yake kaiwa nan. Shi ya sa masu kula da dukiya kan raba ribar ga magada, a ba kowa takardar K-1 ya sa nasa kason a lissafinsa.

Akwai rangwame guda mai daɗi. Gidan da mamaci ya saya dala dubu 150, ya rasu yana da darajar dubu 400, in magada suka sayar da shi, daga dubu 400 ake fara lissafin ribarsu. Saboda haka a kira mai ƙiyasta kadara tun da wuri, a adana takardarsa.

Hausawa sun san tsarin da malamai ke karantarwa: a yi wa mamaci sutura, a biya bashinsa, a zartar da wasiyya, sannan a raba. A ganina haraji yana cikin sahun bashin nan, kuma dokar Amurka ma haka ta ɗauke shi. Wasiyyin da ya san akwai haraji a kan dukiya, ya raba ta saboda matsin dangi har abin biya ya kasa, daga aljihunsa za a nema. Na san nauyin da ke kan mutumin da ake ta yi wa waya daga gida bayan sadakar arba'in, ana tambayarsa ina kason marayu. Jinkirin 'yan watanni da bayani a fili ya fi a raba yau, gobe a dawo ana roƙon magada su maido abin da suka riga suka kashe.

Na gida ma ba su tsira ba. Ɗan kasuwar Kano da bai taɓa zama Amurka ba, amma ya sayi gida a can ko hannun jarin kamfanoninta ta manhajar waya, dala dubu 60 kacal aka yafe masa, ba miliyoyi ba. Abin da ya haura, magadansa za su cike fom 706-NA a kansa, kuma babu yarjejeniyar harajin gado tsakanin Amurka da Najeriya ko Nijar ko Gana da za ta sassauta. Shi kuma mazaunin Amurka da ya gaji mahaifinsa a gida, in kasonsa ya wuce dala dubu 100 a shekara, sai ya sanar ta fom 3520. Ba a karɓar masa ko sisi a kan gadon, amma tarar rashin sanarwa na iya kaiwa kashi 25 cikin ɗari na abin da ya gada.

Ƙungiyoyin Hausawa da masallatanmu na can sun iya haɗa kuɗin jana'iza cikin kwana ɗaya. Ina roƙonsu su ƙara da ajiye sunan akanta ko lauya da ya san wannan fanni, a haɗa shi da iyalin mamaci tun a makon zaman makoki, kafin kowa ya taɓa asusun banki.