Tartibin Binciken Wuta Idan Batir da Inbata Suka Ƙi

Tun bayan gobarar watan Maris na 2016, wadda ta lashe dubban shaguna a kasuwar Muhammad Abubakar Rimi ta Sabon Gari, da kuma shigowar wutar sola cikin kasuwar a 2018, 'yan kasuwa da telolin Fagge da masu cajin waya da yawa sun rungumi faifan sola da batir da inbata, domin su huta da jiran wutar Nepa da hayaƙin janareta.

Abin da ya kamata mai shago ya fara fahimta shi ne wutar iri biyu ce: akwai ta batir, mai ƙarfin bolt 12, akwai kuma ta soket, mai bolt 230, wadda inbata ke juyo ta daga ta farko. Saboda haka idan fanka ta tsaya, ba hujja ba ce a yanke wa inbata hukunci nan take. Kamar yadda malaman hadisi suke bin isnadi mutum bayan mutum har su gano inda rauni ya shiga, haka mai gyara na ƙwarai yake bin wuta daga mafarinta, ba ya tsallake gaɓa ko ɗaya.

Mafarin kuwa shi ne batir. Idan aka cire masa kaya aka bar shi ya huta, sa'an nan aka ɗora mita, lafiyayye cikakke zai nuna kimanin bolt 12.6; in ya nuna 12.1 ya sha rabi. In kuwa ya yi ƙasa da 11.8, to ya kusa ƙarewa, kuma yawan kai shi wannan matsayi shi ne babban sababin mutuwarsa tun kafin wa'adinsa. Zafin bazarar Kano, wanda kan haura digiri 40, yana ƙafar da ruwan batir mai murfi, sai a ƙara masa tataccen ruwan batir, ban da na famfo ko na rijiya, kuma kada a kusanto da ashana, gama iskar da yake fitarwa lokacin caji tana kamawa da wuta.

Daga nan sai kan batir, inda galibin matsalar take ɓuya alhali ba a zato. Farin garin nan da ke taruwa a wurin, ko noti da ya saki, ya isa ya sa inbata ta riƙa kuka tana mutuwa ko da batir a cike yake. Dalili kuwa lissafi ne: kayan wat 1,000 suna jan kimanin amfiya 4 a gefen soket, amma a gefen batir suna jan fiye da amfiya 80, don haka siririyar waya ko sakakken haɗi sai su yi zafi, wani lokaci har su narke. Duk wayar da aka taɓa aka ji ta da zafi, ta ba da shaida a kan kanta.

Bayan wannan a duba fis. Idan ya ƙone, ya sauke amanar da aka ɗora masa ne, wajibi kuma a nemo abin da ya ƙona shi, a sauya shi da mai lambarsa. Al'adar nan ta ɗaure gurbinsa da zaren waya ganganci ne, domin an mayar da wayar shago gaba ɗaya ita ce fis. A ƙarshe a leƙa faifan sola, wanda ƙurar hunturu ke rufewa har cajin yini ya gaza. Tsumma da ruwa da sassafe sun wadatar.

Gefen bolt 230 kuwa yana kisa, a bar wa masu sana'ar. Amma ya kai mai shago, kafin ka fitar da kuɗin sabuwar inbata, ka sa a auna batir, a goge kansa, a duba fis a gabanka.