Hannun Jari a Kamfanin Taswira: Abin Da Na Koya a Zauren Kawuna

A hutun da ya wuce wani abu ya faru a gidanmu da ke Ƙofar Rini, wanda na ga ya kamata in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, don na san ba gidanmu kaɗai irin wannan magana take zuwa ba.

Kawuna ya yi ritaya bayan shekara 35 yana aikin gwamnati, aka biya shi garatutinsa. Kuɗin ba su yi wata guda a hannunsa ba sai ga ɗan wani amininsa ya yi sallama a zaure, da kwamfuta a jaka. Ya ce shi da abokinsa sun kafa ƙaramin kamfani mai yin manhajar taswira, suna neman masu sayen hannun jari. Ya buɗe kwamfutar ya nuna wa Kawu unguwarmu daga sama, ga rufin gidanmu, ga dalbejiyar ƙofar gida, ga lungun da muke bi zuwa masallaci. Da baƙon ya tafi sai Kawu ya kira ni ya ce, "Ɗana, kai ka karatun zamani. Tahi ka bincika muna, ka zo ka hwaɗa mini gaskiya." Cikin kuɗin nan kuwa akwai na auren 'yarsa, da na makarantar ƙannena biyu, saboda haka ban ɗauki aiken da wasa ba. Na tambayi malaminmu na Kasuwanci da na Labarin Ƙasa, na kuma yi karance-karance. Ga abin da na samo.

Da farko dai, mene ne hannun jari? Abin ba baƙo ba ne gare mu. Idan mutum uku suka haɗa kuɗi suka sayi buhunan albasa aka kai Legas, kowa yana da rabo gwargwadon abin da ya zuba. In an ci riba a raba, in albasa ta ruɓe a hanya kowa ya ɗauki hasararsa. To, haka kamfani yake, sai dai shi ana yanka mallakarsa gunduwa-gunduwa daidai wa daida, kowace gunduwa ita ce hannun jari ɗaya. Alal misali, a ce kamfani yana da hannun jari miliyan 10, kowanne naira 50. In Kawu ya ba da naira miliyan 1, ya sami hannun jari 20,000, wato kashi ɗaya cikin 500 na kamfanin. In an raba ribar naira miliyan 25 a shekara, nasa naira 50,000 ne. In ba a ci riba ba, ba shi da ko kwabo, kuma ba shi da ikon cewa a maido masa da uwar kuɗinsa, domin shi ba mai bin bashi ba ne, abokin tarayya ne. Wannan shi ne abu na farko da mutane da yawa ba su gane ba.

A ƙasarmu akwai kasuwa ta musamman don wannan ciniki. An kafa ta a Legas a 1960, ta fara aiki a 1961, kuma tun 2021 ake kiranta NGX. Ba a shiga a saya da kai, sai ta hannun dillali mai lasisi, Hukumar SEC kuwa ita ke sa ido. Mu Sakkwatawa muna da misali a gida. Kamfanin siminti na Kalambaina, wanda aka kafa a 1962 ya fara aiki a 1967, ya daɗe a wannan kasuwa, daga baya ya narke cikin BUA Cement wanda aka shigar kasuwar a 2020. Wanda ya sayi hannun jarin siminti yana iya zuwa ya ga masana'anta, ya ga manyan motoci suna fita da kaya. Kamfanin taswira fa, me zai gani?

Nan ne malaminmu na Labarin Ƙasa ya yi mini bayani. Ya ce taswira ba sabon abu ba ce a garin nan. Lokacin da Bature Kilafatan ya zo Sakkwato a 1824, ya koma da taswirar ƙasashen nan da ya samu a wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, har aka buga ta a Ingila a 1826. Abin da ya sake a yau shi ne kayan aiki. Tauraron ɗan'adam ko ƙaramin jirgi marar matuƙi yana ɗauko hoton ƙasa daga sama. Sai a sa hoton a kwamfuta, a riƙa ɗora masa bayanai hawa-hawa: hanyoyi, gidaje, rijiyoyi, gonaki, asibitoci, da tudu da kwari. Manhaja ita ke haɗa waɗannan ta amsa tambaya, kamar a ce, in Gulbin Rima ya cika ya yi ambaliya irin ta 2010, waɗanne ƙauyuka ruwa zai fara ci? Wannan amsa ita ce hajar kamfanin.

Hajar kuwa tana da masu saye. Nijeriya ta harba tauraronta na farko, NigeriaSat-1, a 2003. Abuja tana da AGIS, Kaduna tana da KADGIS, masu ajiye bayanan filaye a kwamfuta don ba da takardar mallaka da rage rigimar iyaka. A yaƙin da aka yi da cutar shan-inna a Arewa, an yi amfani da irin wannan taswira aka gano ƙauyuka da rugage da masu allura ba su taɓa zuwa ba, kuma a Agustan 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Kamfanonin waya suna bukatar taswira don sanin inda za su kafa turakunsu, masu kai kaya gida-gida su ma haka. Ashe ke nan sana'ar ta gaskiya ce, mai amfani.

Amma amfanin sana'a daban, ribar mai hannun jari daban. Baƙonmu ya ba Kawu labarin wani ƙaramin kamfani a Amurka mai suna Keyhole, wanda Google ya saye a 2004 ya mai da shi Google Earth, da kuma Waze da Google ya saya a 2013 a kan kuɗi wajen dala biliyan 1. Duk gaskiya ne. Sai dai akwai labaran da bai bayar ba. Nokia ya sayi kamfanin taswira na Navteq a 2008 a kan dala biliyan 8.1, amma a 2015 ya sayar da sashen taswirarsa ga kamfanonin motocin Jamus a kan kuɗin da ba su kai rabin haka ba. Kamfanin Planet mai ɗaukar hoton duniya ya shiga kasuwar hannun jari ta Amurka a Disamban 2021 a kan kimanin dala 10, a 2024 ya faɗo ƙasa da dala 2, sa'an nan a 2025 ya sake haye dala 10. Wanda bukata ta kama shi ya sayar a 2024 ya rasa kashi huɗu cikin biyar na kuɗinsa, alhali kamfanin yana nan yana aiki. In manya suna irin wannan tangal-tangal, ina ga ƙarami?

Na tsaya na lissafa haɗurran da ke tattare da ƙaramin kamfani irin wannan, na sami huɗu.

Na ɗaya, yawanci mai sayen hajarsa ɗaya ne ko biyu, kuma sau da yawa hukuma ce. In kwangila ta ƙare ba a sabunta ba, ko biya ya yi jinkiri, albashin ma'aikata ba ya jira.

Na biyu, abin da yake sayarwa wani yana bayarwa kyauta. Tun 2008 Amurka ta buɗe hotunan tauraronta na Landsat ga kowa ba biya, Turai ma haka ta yi da na Sentinel, ga kuma taswirar da ke cikin wayar kowa. Hoton gidanmu da ya ba Kawu mamaki, ni ma na buɗe masa shi a wayar yayana. Saboda haka tilas a tambaya, me kamfanin yake da shi wanda ba a samu a banza?

Na uku, ƙaramin kamfani yakan cinye jarinsa kafin ya fara riba, sai ya sake fitar da sabon hannun jari don ya sami kuɗi. A misalinmu na ɗazu, in an ƙara miliyan 10, rabon Kawu ya koma ɗaya cikin 1,000 ba tare da ya sayar da kome ba. Tuwon bai ƙaru ba, hannuwa ne suka ƙaru a akushi.

Na huɗu, wanda ya fi duka, shi ne wuyar fita. Rago in ka matsu ka ja shi zuwa kara, kafin la'asar ka dawo da kuɗi. Hannun jarin kamfanin da ba ya cikin kasuwa ba shi da kara. Sai ka nemo mai saye da kanka, kuma sau da yawa sai sauran masu kamfanin sun yarda. Dukiyar kamfanin manhaja kuma tana cikin kan ma'aikatansa ne. In masu gwanintar suka tafi, abin da zai rage 'yan kwamfutoci ne da kujeru, su ma masu bin bashi za a fara biya.

Ban da wannan akwai 'yan damfara masu fakewa da sunan sana'ar zamani. Iyayenmu ba su manta da MMM ba, wanda ya tsaya da kuɗin jama'a a Disamban 2016. Alamarsu ɗaya ce, su yi maka alkawarin riba tabbatacciya kowane wata, su ce ka yi sauri kada a rufe. Hannun jari na gaskiya ba ya alkawarin riba. Malamin da ke karantar da mu bayan magariba ma ya ce tarayya a kasuwanci halal ce in sana'ar halal ce, amma da zarar an lamunce maka uwar kuɗi da ƙari tsayayye, to magana ta fita daga tarayya ta shiga wani babi, sai a koma ga malamai.

Da na kawo wa Kawu wannan bayani sai ya yi shiru, can ya tashi ya ɗauko wata tsohuwar jaka. Ciki takardun hannun jarin wani banki ne da ya saya a 2007, lokacin da kowa yake saye. A 2008 kasuwa ta rushe, kuɗinsa suka narke. Ya ce, "Wancan karon ban tambayi kowa ba, gani niy yi mutane na gudu nib bi su." Muka zauna muka tsara tambayoyin da zai yi wa baƙon. Ina takardar rajistar kamfanin daga Hukumar CAC? In ana tallar hannun jarin ga jama'a ne, ina amincewar SEC? Su wa suka biya ku kuɗi bara, kuma nawa? Ina lissafin shekara wanda mai binciken kuɗi na waje ya sa wa hannu? Nawa ku masu kamfanin kuka zuba daga aljihunku? In ina son fita, wa zai saya, kuma a kan wane farashi?

Yaron kirki ne, ya dawo da takardu, bai ɓoye kome ba. Kamfanin yana da rajista, amma ba ya cikin kasuwar hannun jari, mai ba su aiki ɗaya ne tak, kuma ba su taɓa cin riba ba. Kawu ya ware kuɗin aure da na makaranta ya ce waɗannan ko kusa ba a taɓa su. Cikin abin da ya rage ya ba da kashi ɗaya cikin goma, aka rubuta yarjejeniya gaban lauya da shaidu biyu. Ya ce ya bayar ne don yana son 'ya'yan garin nan su koyi wannan sana'a, kuma in kuɗin sun tafi ba za su hana gidansa cin tuwo ba. Ko zai ci riba, Allah ne masani, mu dai muna jira.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, idan iyayenmu suka kira mu don mun yi karatu, kada mu ji kunyar yin tambaya, kada kuma kyan kwamfuta ya rufe mana ido. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, sun kuma ce matambayi ba ya ɓata. Iyayenmu kuma ina roƙonsu, kuɗin da aka yi shekara 35 ana tarawa kada a yanke hukuncinsu a zama ɗaya. Allah Ya sa wa dukiyarmu albarka, Ya tsare mu daga hasara, amin.

Daga wani ɗalibin ajin ƙarshe, Ƙofar Rini, Sakkwato.