Ulu, Ruwa da Sabulu: Tufar da Ba a Saƙa Ba

Duk wanda ya taɓa riƙe jar dara a hannunsa ya san ba kamar sauran huluna take ba. Ka duba ta ciki da waje, da ƙyar ka ga zare. Kauri gare ta, ga santsi, kuma ko an yanka ta da almakashi bakinta ba ya warwarewa. Dalili kuwa, ulunta curewa ya yi ya zama abu guda. A birnin Tunis, inda aka daɗe ana yin irin wannan hula, sai a saƙa ta da girma ƙwarai, a kai ta El Battan a bakin kogin Majarda a yi ta bugu cikin ruwa da sabulu har ta tsuke, sa'an nan a rina ta ja. Fatake suka riƙa kawo ta Kano da Katsina ta hamada.

Ana iya cure ulu ko ba a saƙa shi ba, kuma wannan hanya ce muke so mu yi magana a kanta, gama yanzu matanmu suna ganin hotunanta a waya: shimfiɗar tebur, takalmin jariri, rigar butar shayi, duk da adon siliki. Wasu a wajenmu, a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, inda tashin hankalin 'yan bindiga ya hana gidaje da yawa zuwa gonaki masu nisa, suna neman sana'ar da za a yi a tsakar gida. Kafin kowa ta fid da kuɗinta, ya kamata ta san abin da aikin yake bukata.

Sana'ar tsohuwa ce. A Faziriki, cikin duwatsun Altai na Sibiriya, an tono kaburbura da suka haura shekara 2,300, aka sami shimfiɗun curarren ulu masu zane, ƙanƙara ta kiyaye su. Suna nan a gidan tarihi na Hamitej a Rasha. Mutanen Kirgistan har yau suna yin dardumarsu haka, a 2012 ma UNESCO ta sa sana'ar cikin al'adun da ake tsoron ɓacewarsu.

To, me ke sa ulu ya cure? Kowane silin ulu yana da ƙananan ɓawo jere a jikinsa, kamar na kifi, ido ba ya ganinsu. In ya sha ruwan ɗumi da sabulu, ɓawon nan sai su ɗaga. In aka murza, silin ya yi gaba, ba ya iya komowa baya, sai ya sarƙe da ɗan'uwansa. Da haka dubbai suke kama juna, ba mai raba su kuma.

Ga yadda ake yi. A shimfiɗa asabari ko tabarma. A ja ulun da aka sharce kaɗan kaɗan, a jera shi sirara a tsaye, a sake jera wani a kwance bisansa, a ƙara na uku a tsaye. A rufe da guntun tsohon gidan sauro, a yayyafa ruwan ɗumi mai sabulu, sabulun salo ma ya isa. A danna a hankali har ko'ina ya jiƙe, sa'an nan a fara shafawa da tafin hannu. In an ɗan tsunkule shi aka ga duka yana tasowa tare, sai a naɗe shi cikin asabarin, a yi ta mirginawa, ana warwarewa ana juya shi. Daga baya a ɗauraye, a shanya a inuwa. Yakan tsuke da wajen kashi ɗaya cikin uku, saboda haka a fara da girma.

Amma ga inda maganar take. Tumakinmu ba su da ulu. 'Yankasa da Uda da Balami duk gashi gare su, gajere mai kaushi, ko an kwana ana murza shi ba zai zama shimfiɗa ba. A Afirka ta Yamma tumakin ulu da aka sani su ne na Masina a ƙasar Mali, waɗanda Fulanin can suke saƙa barguna da ulunsu. Auduga kuwa, da muke alfahari da ita tun daga nan har Funtua, ba ta da ɓawon nan, ba ta curewa ko kaɗan.

Abin da ya fi yaudara shi ne ulun kasuwa. Yawancin zaren da mata suke saƙa hular jarirai da shi, wanda dukanmu muke ce wa ulu, na roba ne daga masana'anta. Sunan kawai ya ara. Gwajinsa ba wuya: a tsinke guntu a kanga masa ashana. Ulu na gaske yana warin ƙonannen gashi, ya bar baƙar toka mai murmushewa. Na roba narkewa yake yi, ya dunƙule ya yi tauri. Duk malamar sana'a da ta karɓi kuɗin koyarwa ba ta nuna wa ɗalibanta wannan gwaji ba, a ganinmu ba ta yi musu adalci ba.

Mafita mai sauƙi tana wurin 'yan gwanjo. Cikin rigunan sanyi da suke bazawa in hunturu ya gabato akwai na ulu zalla. A zaɓo su da gwajin ashana, a wanke su da ruwan zafi da sabulu ana cuɗawa sosai, a tsoma a ruwan sanyi, a sake. Rigar za ta tsuke ta yi kauri, daidai yadda ake yi wa dara. Daga nan a yanka: matashin tukunya mai zafi, ƙasan takalmin yaro, rigar kwanon abinci don kada tuwon maigida ya huce. Ba a bukatar kalmasa bakinsa.

Siliki kuma fa? Shi ba ya curewa, ulun ne yake ratsa shi ya riƙe shi. Wata mai sana'a a Ostareliya, Polly Stirling, ita ta yaɗa dabarar ɗora ulu bisa siririn yadin siliki a farkon shekarun 1990. Ana farawa da ruwa mai ɗan sanyi, don silin ulu ya sami zarafin shiga ramukan yadin kafin ya tsuke. Tsohon gyale na siliki na gaske ya isa.

Mu kuwa muna da namu. Kakanninmu sun san alharini, jan silikin da ake kawowa daga Tarabulus, wanda Barth ya tarar a kasuwar Kano a 1851. Sun kuma san tsamiya, silikin daji da tsutsotsi suke saƙa gidansu da shi a kan itatuwa. Ana dafa gidan da ruwan toka, a wanke, a kaɗa zare, a yi wa babbar riga aiki da shi. Zaren tsamiya a kan curarren ulu mai duhu ado ne da ba sai an aiko mana daga waje ba, ko da yake yau ya yi wuya, sai an tambaya wurin masu ɗinkin riguna a Zariya ko Kasuwar Kurmi.

Abu guda kada a manta: asu yana son ulu. In ɗari ya wuce, a wanke kayan da ruwan sanyi, a bari su bushe sarai, a sa su cikin akwati mai rufuwa da kyau, a riƙa fid da su ana dubawa da damina.