Ko Ka Sani? Haruffa Bakwai Da Ke Kai Mutum Ga Ɓoyayyen Akwati

Ko ka san cewa akwai akwatuna sama da miliyan uku da aka ɓoye da gangan a faɗin duniya, wasu a kogon bishiya, wasu a ƙarƙashin gada, wasu a tsakanin duwatsu? Kowannensu kuma yana da adireshi a intanet wanda za ka iya rubutawa a tafin hannunka har wuri ya rage.

Wasan ana kiransa Geocaching, wato farautar ɓoyayyen akwati da na'urar GPS. Ya samo asali a watan Mayun 2000, lokacin da gwamnatin Amurka ta daina dagula siginar taurarin GPS ga farar hula. Kafin nan na'urar kan iya kuskuren mita ɗari, bayan nan sai ta koma nuna wuri kusan daidai. Ranar 3 ga wannan wata, wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ajiye baƙin bokiti a daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya zuba littattafai da faifan bidiyo da gwangwanin wake da ɗan kuɗi, ya sanar da lambobin wurin a intanet. Ba a jima ba aka gano shi. A watan Satumba Jeremy Irish ya buɗe shafin da ke tattara jerin akwatunan, a lokacin guda 75 ne kacal.

Dokar wasan ba ta da wuya. Ka bi lambobin, ka lalubo akwatin, ka sa hannu a ɗan littafin da ke ciki, in ka ɗauki wani abu ka ajiye madadinsa, sannan ka mayar da akwatin yadda ka same shi. Sai dai akwai matsala: ta yaya za ka faɗa wa abokinka wane akwati kake nufi? Cikakken adireshin shafin akwati dogo ne, cike da haruffa da alamomi, ba mai iya karanta wa wani shi ta waya ba tare da ya yi tuntuɓe ba.

Maganin ya fara ne daga suna. Kowane akwati ana ba shi lamba da ke farawa da GC. Tsofaffin na'urorin GPS na hannu haruffa shida kawai suke karɓa a matsayin sunan wuri, don haka GC ya cinye gurbi biyu, saura huɗu. Da farko an yi amfani da alamomi 16, wato 0 zuwa 9 da A zuwa F. Gurbi huɗu da alamomi 16 ba su wuce lamba 65,535 ba, wadda ake rubutawa GCFFFF. A 2003 aka cika wannan rumbu.

Nan ne dabarar ta fi birge ni. Ba su ƙara tsawon sunan ba, sai suka ƙara yawan alamomin zuwa 31. Lambobi goma da haruffan Turanci 26 sun kama 36, amma an cire biyar: I da L da O da S da U. Ka yi tunanin mutum tsugune a gindin bishiya da magariba, yana duba lambar da aka rubuta da biro a murfin roba wanda ruwan sama ya sha duka. Wannan O ne ko sifili? S ne ko 5? I ne ko 1? An kawar da ruɗanin tun daga tushe, domin waɗannan haruffan ba sa cikin lissafin sam. Da wannan sauyi haruffa shida suka ɗauki akwatuna har sama da dubu ɗari biyar, kafin a ƙarshen 2006 a koma haruffa bakwai.

Daga sunan ne gajeren adireshi ya fito. Kamfanin Groundspeak na birnin Seattle, mai kula da wasan, yana da wani ɗan adireshi, coord.info. Ka rubuta shi, ka sa alamar /, ka liƙa lambar akwati, shi ke nan. Misali coord.info/GC30 zai kai ka shafin Mingo, akwatin da aka ajiye a jihar Kansas ranar 11 ga Mayun 2000, wanda shi ne mafi tsufa da har yanzu ake nema ana samu.

To me ke faruwa in ka latsa? Babu shafin akwati a gajeren adireshin. Akwai dai wata kwamfuta da aikinta ɗaya ne, irin na mutumin da ke zaune a bakin unguwa ya san gidan kowa. Wayarka ta yi sallama ta ambaci lamba, kwamfutar ta amsa mata cewa ba nan ba ne, ga cikakken adireshin, wayar ta juya ta nufi can. Duk wannan kafin ƙiftawar ido, shi ya sa ba ka lura an yi maka jagora.

Gajarta adireshi ba masu wannan wasa kaɗai ke yi ba. Kevin Gilbertson ya kafa TinyURL a 2002, Bitly ya biyo baya a 2008, zamanin da Twitter ke ƙayyade saƙo a haruffa 140 kuma kowane harafi yake da daraja. Amma akwai bambanci. Waɗannan suna ƙirƙiro maka haruffan da ba su da alaƙa da inda za ka, su rubuta a kundinsu cewa wannan na wancan ne. In kundin ya rufe, hanya ta toshe. A 2018 Google ya sanar da cewa zai daina gajarta adireshi da goo.gl, abin da ya tuna wa mutane cewa ɗan jagora ma yakan bar aiki. Lambar GC kuwa sunan akwatin ne na kansa. Ko gajeren adireshin ya daina aiki, wanda ya riƙe lambar zai iya nemo shafin da ita, kuma wanda ya ga lambar a jikin akwati zai iya haɗa adireshin da kansa.

Saboda haka, in wani ya turo maka gajeren adireshi, ka tuna cewa bai nuna maka inda za ka ba, ya dai haɗa ka da wanda zai kai ka. Ka duba ko wane ne mai shi, ka tabbatar ka yarda da wanda ya turo, sannan ka latsa.