Ko Kun Sani? Gasar Ɗan Gurmu da Muryar Nijar a Waje

Ko kun san cewa a watan Disamba na 2005, da Yamai ta karɓi baƙuncin wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci karo na 5, har waƙa aka yi takara a kanta, aka raba lambobin zinariya kamar yadda ake ba ƴan gudu? Ƙasar da za ta shiga irin wannan fili sai ta tace mawaƙanta tun daga gida, kuma gasar waƙar da aka fi sani a Nijar ita ce gasar Ɗan Gurmu, wadda ta ci sunan shahararren mawaƙin nan na Tawa.

Wani zai ce ai gasar ta masu jita ce da kiɗan zamani, ina ruwan mai kalangu da ke cashewa a bikin aure a Madawa, Buza ko Keita? Da ruwansa mana. Alƙalan waje sun ƙoshi da jita, abin da ba su saba ji ba shi ne amon gurmi da goge. Saboda haka masu zaɓen wakilan ƙasa, ku riƙa fara tantancewa daga garuruwan nan kafin a isa Yamai.