Yadda Ake Gano Inda Kwalekwale Yake Yoyo

Gulbin Maradi ba ya gudu duk shekara. Daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta Madarunfa da Maradi da Tibiri da Gidan Rumji, sa'an nan ya koma Nijeriya ya faɗa Gulbin Rima. Da damina yake kawo ruwa, da rani kuwa sai rairayi. Saboda haka kwalekwalen da ake fito da shi, ko ake su da shi a tafkunan fadama, yakan yi watanni yana kwance a rana. Katako ya bushe ya tsuke, mahaɗinsa ya buɗe. Ran da aka mai da shi ruwa sai a ga yana yoyo.

Yawancinmu mukan duba inda ruwa ya taru, mu shafa kwalta a nan. Amma inda ruwa ya kwanta ba nan ne ƙofarsa ba. Ruwa yana bin gangare. Yakan shiga ta goshin jirgi, ya bi ƙarƙashin katako a ɓoye, ya je tsakiya ya taru.

Kafin a fara nema, a bar jirgin ya jiƙa kwana biyu ko uku a bakin ruwa. Katako zai sha ruwa ya kumbura, ƙananan kafofi su rufe da kansu. Wadda ta rage bayan haka ita ce abin gyara.

Sai mu tambayi kanmu: daga sama ruwan yake zuwa, ko daga ƙasa? Matuƙan jiragen teku masu tafiya da iska sukan ɗanɗana shi. In da gishiri, na teku ne, akwai ɓula a gindin jirgi. In babu, na sama ne. Mu namu ruwan duk ba shi da gishiri, kuma ba na kai wa baki ba ne. Ido ya ishe mu. Ruwan gulbi ja ne, yana barin laka, na sama kuwa garau yake.

A zaɓi rana wadda babu hadari. A kwarfe ruwan duka, a goge cikin jirgin da tsumma har ya bushe. A barbaɗa busasshiyar toka a kan mahaɗin katako da kan ƙusoshi, a tura shi ruwa ba kaya, mutum ɗaya ya zauna ciki ya zuba ido. Inda toka ta fara yin baƙi, nan ne. In an ga ruwa ya ja layi, a bi layin zuwa sama har mafarinsa, a yi alama da gawayi. Wannan aiki yana son haƙuri, gama wata kafar sai an yi rabin awa kafin ta nuna kanta.

Akwai kuma yoyon da ba ya fitowa sai jirgi ya ɗauki kaya, kuma a ganinmu shi ya fi haɗari. Jirgi marar kaya yana tafe a sama-sama, katakon gefensa bai taɓa ruwa ba. Da an ɗora buhunan hatsi da mutane sai ya nutsa kaɗan, tsaguwar da ke sama ta shiga ruwa, a lokacin kuwa an riga an kai tsakiyar gulbi. Don haka a gwada shi a bakin gaɓa da buhunan rairayi. A riƙa ƙara su ɗaya bayan ɗaya, ana duba gefe da gefe.

In duk da haka ba a gani ba, a juya dabarar. A jawo jirgin tudu, a ɗora shi bisa itatuwa, a zuba masa ruwa a ciki, a leƙa ƙarƙashi a ga inda yake ɗiga. Kada a cika shi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, lita 200 ta kai nauyin manyan buhunan gero biyu. An ƙera jirgi ne don ruwa ya matse shi daga waje. In ya tura shi daga ciki, ƙusoshi na iya saki.

Wuraren da suka fi yoyo su ne mahaɗin katako, da ramin ƙusar da tsatsa ta cinye, da goshin jirgi inda ake jan sa bisa rairayi. A ƙwanƙwasa katakon. Mai lafiya yana ƙara sosai, ruɓaɓɓe kuwa sai a ji dum. In tsinin wuƙa ya shige ba wuya, ko gara ta ci shi, kwalta ba za ta yi magani ba, sai a sake katakon. Ƙaramar tsaguwa kuma a bari ta bushe, a cusa auduga ko tsumma, a bi da kwalta mai zafi.

Kada mu ce ai akwai yaro mai kwarfewa. A watan Mayu na 2021 wani jirgin katako da aka cika da mutane da kaya ya tsage a kogin Kwara kusa da Wara, a jihar Kebbi, mutane masu yawa suka rasu. Namu gulbin bai kai Kwara ba, amma in ya cika yana da ƙarfin cin mutum. Ruwan da ke kwance cikin jirgi ma ba alheri ba ne ga lafiya. Na tafki yana iya sa wa mai tsayawa ciki tsargiya, na sama kuwa in ya yi mako guda sauro ya sami wurin haihuwa. Jirgin da ba ya aiki a kife shi a inuwa.

Bayan gyara a sake gwaji da buhunan rairayi. A ƙirga ƙwarya nawa aka kwarfe cikin awa ɗaya, a rubuta a takarda tare da kwanan wata. Bayan mako guda a sake ƙirgawa. In lissafin ya ƙaru, akwai sauran kafa, sai a koma ga toka.