Kaya Ke Zaɓen Mota: Yadda Mahaya Allon Iska Ke Sayen A-Kori-Kura

Duk wanda ya sauka garin Hood River, cikin Jihar Oregon ta ƙasar Amurka, a watannin zafi, abin da zai fara gani a bakin Kogin Kolumbiya shi ne motocin a-kori-kura jere reras, kowace da alluna da dogayen sanduna a bayanta. Masu motocin nan ba 'yan kasuwa ba ne, ba kuma manoma ba. Mahaya allon iska ne, watau masu wasan nan da mutum ke tsayawa bisa wani allo a kan ruwa, ya riƙe filafili, iska tana tura shi kamar yadda take tura kwalekwale.

Abin da ya tara su a can shi ne iska. Garin yana nesa da birnin Portland da misalin mil 60 ta gabas, cikin wani kwazazzabo da kogin ya ratsa duwatsu. Idan ƙasar gabas ta yi zafi, gaɓar teku ta yamma kuwa tana da sanyi, sai iska ta riƙa kwararowa ta cikin kwazazzabon da ƙarfi, tana karo da ruwan da ke gangarawa teku, har igiyoyi su tashi. To, amma iskar ba ta tsayawa wuri guda. Yau tana nan, gobe sai an yi tafiyar mil talatin kafin a same ta. Saboda haka mai wannan wasa ba shi da wata dabara sai ya kasance da kayansa cikin mota kullum, kuma zaɓen motar ya zama masa babban al'amari, domin kuɗin da zai zuba a kanta na shekaru ne.

Asalin Wasan Da Kayansa

Mutum biyu ne daga Kaliforniya suka yaɗa wasan nan a duniya, Jim Drake, injiniyan jiragen sama, da abokinsa Hoyle Schweitzer. Sun nemi rajistar ƙirƙirar tasu a 1968, aka ba su a 1970. Cikin 1984 aka shigar da wasan gasar Olamfik ta birnin Los Angeles. Allon farko da suka sayar tsawonsa ƙafa 12 ne, watau mita 3 da rabi da 'yan kai. Allunan yanzu sun gajarce, galibinsu tsakanin mita 2.2 da mita 2.5.

Ban da allo akwai dirkar da ke riƙe filafili. Tsawonta yakan zama santimita 400, ko 430, ko 460, ko 490, amma ana raba ta gida biyu, kowane sashe ya tashi mita biyu da ɗoriya. Akwai mariƙin da mahayi ke kamawa da hannu, akwai kuma filafilin kansa, wanda ake naɗewa kamar tabarma. Wanda ya ƙware ba ya fita da filafili ɗaya, domin babba na ranar da iska ta yi sauƙi ne, ƙarami kuwa na ranar da ta tsananta. Sai ka ga mutum guda da allo biyu, da filafilai huɗu, da dirka biyu ko uku.

Kayan nan duka ba su da wani nauyin kirki, allo guda da wuya ya wuce kilo goma. Matsalarsu tsawo ce da rauni. Cikin allon wani irin soso ne mai tauri, aka lulluɓe shi da fata siririya, wadda ɗan bugu kan fasa ta. Ke nan mai neman mota ba ruwansa da yawan tan ɗin da take ɗauka, ko ƙarfin jan injinta, waɗanda su ne dillalai suka fi yi wa kirari.

Tsawon Bodi

Nan ne mutane da yawa kan yi kuskure. A da, a-kori-kura ta Amurka kujera ɗaya gare ta a gaba, bodinta kuwa dogo. Yanzu masu saye sun fi son mai ƙofa huɗu wadda za ta ɗauki iyali, kuma duk abin da aka ƙara wa gidan direba daga bodi aka rage shi. Ford F-150, alal misali, ana yin ta da bodi iri uku: ƙafa 5 da rabi, ƙafa 6 da rabi, da ƙafa 8. Toyota Tacoma, wadda ta fi ta ƙanƙanta, bodinta ƙafa 5 ne ko 6.

Idan aka juya lissafin nan zuwa mita, gaskiya sai ta fito. Ƙafa 8 mita 2.44 ce, watau allon zamani zai kwanta ciki a rufe ƙyauren baya, ko da sai an ɗan karkata shi. Ƙafa 6 da rabi ba ta cika mita 2 ba, don haka sai an bar ƙyauren a buɗe, ko a jingina allon a kansa. Ƙafa 5 da rabi kuwa mita 1.68 ce kacal, kusan sulusin allon yana waje, inda motar da ke biye za ta iya taɓa shi. A jihohi da yawa na Amurka doka ta ce kayan da suka zarce bayan mota da ƙafa 4 sai an ɗaura musu jan ƙyalle da rana, a kunna musu jar fitila da dare.

Doguwar mota kuma tana da nata wahalhalun. Ta fi shan mai, ta fi wuyar juyawa, kuma a wuraren ajiye motoci na bakin ruwa, inda ake cunkoso ranar da iska ta yi kyau, samun gurbinta aiki ne. Magidanci mai 'ya'ya uku ba zai iya sadaukar da kujerun baya domin allo ba. Dole ne kowa ya auna bukatar gidansa da bukatar wasansa, daidai ruwa daidai tsaki.

Kariya Ko Rumfa

Wanda ya zaɓi gajeren bodi yana da mafita biyu. Ta farko ita ce ya kafa kariyar ƙarfe bisa bodin, alluna su hau sama har su leƙa kan gidan direba, sauran kaya su zauna ƙasa. Sai dai allo a saman mota mai gudu tamkar fiffiken jirgin sama yake, iska tana neman ɗaga shi. Shi ya sa ake kife shi, a ɗaure da majanyi mai faɗi a wuri biyu. Ba a matse shi da irin igiyar da ake ja da ƙarfe, domin takan lotsa gefensa. Kariya kuma tana ƙara shan mai da ƙugin iska, ga shi kayan suna fili, ɓarawo yana gani.

Ta biyu ita ce rumfa mai makulli da ake ɗorawa bisa bodi. Wannan tana tsare kaya daga sata, tana kuma kare filafili daga rana, gama yawancin filafilan zamani da wata roba mai haske ake yin su, wadda hasken rana ke busarwa har ta tsage. Amma rumfa a rufe takan tara zafi. Alluna da yawa suna da ɗan ƙusa na fitar da iska, wanda ya kamata a kwance shi idan za a bar allo cikin zafi, in ba haka ba iskar da ke ciki ta kumbura ta ɓamɓare fatar. Wasu da suka yi wannan lissafi duka sukan bar a-kori-kura ma gaba ɗaya, su sayi doguwar motar kaya mai rufi, wadda kome ke shiga cikinta a kulle.

Gishiri Da Yashi

Wurin da mutum ke wasa shi ma yana da ta cewa. Ruwan Kogin Kolumbiya ba shi da gishiri. Amma a tsibirin Maui na Hawai, inda gaɓar Ho'okipa ta yi suna a duniya, jiƙaƙƙen filafili yakan ɗiga ruwan teku cikin bodi kowace rana, iskar wurin ma gishiri ne da ita. Tsatsa ce babbar abokiyar gaba a can. Tun daga samfurin 2015 kamfanin Ford ke ƙera jikin F-150 da alminiyam, wanda ba ya jan tsatsa, amma ƙashin motar na ƙasa har yanzu ƙarfe ne. Mai sayen tsohuwar mota a bakin teku, kafin ya dubi fenti, gara ya kwanta ya leƙa ƙarƙashinta da tocila.

Batun giyar taimako mai juya ƙafafu huɗu kuwa, wanda ke bin hanyar yashi ko turɓaya zuwa gaɓar da ba kowa ke zuwa ba, shi ke bukatarta. Wanda kwalta ke kai shi har bakin ruwa, ƙarin kuɗi ne da ƙarin nauyi kawai ya jawo wa kansa.

Awo Kafin Ciniki

Waɗanda suka daɗe cikin wasan nan shawararsu ga sabon shiga ɗaya ce: ya auna allonsa mafi tsawo da dirkarsa, ya rubuta, ya tafi gidan dillali da ma'auni a aljihu. In da hali ma ya ɗauki allon ya gwada shi cikin bodin kafin a yi maganar farashi. Minti goma na awo kan hana mutum biyan bashin shekara biyar a kan motar da ba ta yi masa aiki.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san zamanin da a-kori-kura ƙirar Peugeot 404 ke dakon buhuna da mutane tsakanin kasuwannin Arewa. Direban da ya san aikinsa ba kyan mota yake fara tambaya ba, buhu nawa take ɗauka da irin hanyar da za ta bi su ne tambayoyinsa. Ma'aikacin da ke shirin karɓar rancen mota, ko ɗalibin da ke hangen tasa nan gaba, ko da bai taɓa ganin teku ba, ya kamata ya fara lissafa abin da zai riƙa ɗauka, da mutanen da za su shiga, da hanyar da zai bi. Idan ya yi haka, sayen nagari mayar da kuɗi gida ne.